Takalman Nana Esha

"Matsa mana! Ko kai ma da jakin aka ɗaure ka?"

Tarik ya juyo da sauri har ƙaramar jakarsa ta faɗi. Lungunan Lamu ba sa ɗaukar mutum biyu a jere, ga shi jakin da ke ɗauke da akwatunansa ya toge, ya ƙi gaba ya ƙi baya. A bayansa wata budurwa ce cikin baƙar abaya, da tiren soyayyen kifi a hannu, da furen yasmini maƙale a gefen mayafinta.

"Ki gafarce ni, ya ke ma'abuciyar alheri," in ji shi da Swahilin littafi. "Gidan Bwana Famau nake nema, mai sassaƙa ƙofofi."

Ta dube shi sama da ƙasa. "Wannan maganar taka daga kabarin wa ka tono ta? Kakata ma ta daina irinta. Biyo ni, gidanmu ne. Kai ne ɗalibin da za mu yi wata tara muna ciyarwa?"

Sai ta yi dariya. Tarik ya manta da jaki, ya manta da akwati, ya tsaya yana kallonta kamar wanda aka kira sunansa a garin da ba wanda ya san shi.

Sunanta Shumi, 'yar Bwana Famau tilo. Shi kuwa daga Melbon ya zo, can Ostireliya, ɗan wasu Musulmin Bosniya da yaƙi ya kora. Makarantar da ke rarraba ɗaliban waje gida-gida a garinmu ce ta ba shi gidan Famau, aka sauke shi a ɗakin baƙi na bakin ƙofa. Tun ranar farko Nana Esha, mahaifiyar Famau, ta dafa kansa ta ce, "Daga yau kai ɗan gida ne."

Yaro ne mai tambaya kamar ɗan sanda. Me ya sa ake sa kwakwa a shinkafa? Wa ya fara sassaƙa sarƙa a jikin ƙofa? Komai sai ya rubuta, komai sai ya ɗauka a 'yar rikodarsa. Shumi ta raɗa masa Malam Tambaya. Katanga ɗaya ce tsakaninsu, amma a waya suke hira.

"Yasmini, yau ƙamshinki ya riga ki wucewa ta ƙofata. Na karanta shafi ɗaya sau shida ban gane komai ba."

"Malam Tambaya, ka ci abincinka, Nana ta ce ka rame. Ni ban ce komai ba. Amma ni na zaɓa maka babban kifin."

Akwai Athman, ɗan wani tsohon gida na unguwar Mkomani, irin gidajen da ke lissafa kakanninsu har goma sha biyu. Manyansa sun zo tambayar auren Shumi, Famau ya ji daɗi har kunne, Shumi kuwa tana ta jan ƙafa. Da Tarik ya yi ƙarfin hali ya faɗi abin da ke ransa a wurin aikin sassaƙa, Famau bai ko ɗago daga itacen ba.

"Ɗana, baƙo raɓa ne. Mu nan aure asali ake dubawa. Waye kakanka? Wa ya san shi? Miƙo min wancan kurfin."

Wata rana da hantsi Nana Esha tana kankare kwakwa, sai ta kama wata waƙa da ba ta Swahili ba. Tarik ya matso da rikodarsa. Tsohuwa ta dube shi, ta dubi tsakar gida ba kowa, ta ce waƙar uwarta ce. An kamo uwar tana 'yar shekara bakwai daga can cikin ƙasa, aka sayar da ita a garin Siyu, ta yi bauta har ta girma. Mijin Nana ne ya kawo ta Lamu ya ce marainiyar gidan mutunci ce, shekara sittin da biyar ba wanda ya sani, ko Famau.

"Na gaji da ɗaukarta ni kaɗai," in ji ta. "Kai ɗan gida ne."

Tarik ya yi kuka a ranar. A ransa bai taɓa jin labari mai daraja irin wannan ba.

Ƙarshen zango makarantar takan tara iyayen gida, kowane ɗalibi ya nuna aikinsa. An cika zauren, mata gefe, maza gefe, har da Bi Mwanahawa uwar Athman da awarwaronta na zinariya. Tarik ya miƙe fuskarsa cike da fara'a.

"Na sakaya sunanta kamar yadda ƙa'ida ta ce," in ji shi. "Mu kira ta Uwa."

Ya danna rikoda.

Kafin a kai baiti na biyu, kowane kai a ɓangaren mata ya juya wuri ɗaya. Muryar da ta yi shekara arba'in tana guɗa a bukukuwan garin nan, wa zai kasa gane ta? Nana Esha ta zauna ƙiƙam tana jin bakinta yana faɗa wa Lamu abin da ta ɓoye wa ɗanta. Bi Mwanahawa ta tattare gefen zanenta daga jikin tsohuwar, a hankali, yadda kowa zai gani.

Kafin la'asar akwatunan Tarik suna waje.

"Baba, na canza sunanta!" in ji Tarik. "Na sakaya shi! Kuma ta dangwala yatsa a takardar yarda tun farkon zuwana."

"Takarda," in ji Famau. "Uwata ta kira ka ɗa, kai kana riƙe da takarda. Nan Lamu ne, jakunanmu ma da kuka muke gane na wane ne. Fita."

Washegari gidan su Athman suka aiko a karɓo kayan da suka kawo, har da tiren da aka ɗoro su a kai. Saƙon Shumi ya iske Tarik a wani ɗaki da ya kama kusa da tashar jiragen ruwa.

"Baba ya hana ka ni, sai ka ƙona gidan don kada wani ya shiga. Ka yi nasara, Athman ya tafi. Kada ka sake kira na Yasmini."

Ya rubuta amsa goma sha ɗaya. Ba ta buɗe ko ɗaya ba.

Bayan mako biyu aka yi bikin 'yar maƙwabta. Nana Esha ta ce za ta je, ba ta saci kayan kowa ba. Shumi ta raka ta. Aka bar musu tabarma guda su kaɗai, ba wadda ta ce Nana ta yi guɗa. Da suka fito da rana tsaka, takalma sun fi ɗari a bakin ƙofa, nasu biyu ne kawai babu.

"Me kuke nema, Esha?" in ji Bi Mwanahawa daga ciki. Ko kiran ta Nana ba ta yi ba. "Takalmi? Zamanin iyayenmu ai irinku ba sa sawa a gaban 'ya'ya. Mun ga kuna son a tuna da tarihi ne."

Aka yi dariya. Ba duka ba, amma waɗanda ba su yi ba ma kau da kai suka yi.

Tarik ya ci karo da su a hanyar bakin teku. Tsohuwa mai shekara tamanin da biyar tana ɗaga ƙafa ɗaya tana sauke ɗaya a kan dutsen da rana ta gasa. Ya tuɓe takalmansa ya durƙusa ya ajiye a gabanta. Nana ta kewaye su kamar kashin jaki.

Shumi ta tsaya, idanunta jajir. "Ina rikodar? Ɗauki wannan ma. Zai yi kyau a aikinka."

Takalman nan a wurin suka kwana. Tarik bai koma ya ɗauka ba, bai kuma sayi wasu ba.

Haka ya riƙa yawo a Lamu, masallaci, kasuwa, tasha, ƙafa tsirara. Tafin ƙafarsa ya yi bororo, ya fashe, ya yi ruwa. Ya je makarantar ya janye aikinsa gaba ɗaya, malaminsa ya ce karatun digirinsa na shekara uku ke nan ya zubar a teku. Mahaifinsa ya kashe masa waya. Ranar jirginsa ta zo ta wuce.

Athman da abokansa suna zaune wurin mai gahawa kullum. "Kai, bawan gidan Famau! Nawa aka saye ka?"

"Na'am," Tarik yakan ce, ya wuce yana ɗingishi.

A mako na biyar saƙon Shumi ya shigo.

"Ka sa takalmi. Kana ƙara mana abin dariya."

"Nana ba ta sake fita ba tun ranar. In ta fita da takalmi a ƙafarta, zan sa."

Da azahar ta buɗe amsar. Sannan: "Faɗa min gaskiya, don Allah. Da gangan ka yi?"

"Wallahi na ɗauka girmama ta nake yi. Jahilci ne, ba mugunta ba, kuma na san bai rage mata zafi ba. Da na san haka zai faru, gara in riƙe wa Athman lema ranar ɗaurin aurenku."

Shumi ta kifa fuskarta a cinyar kakarta ta yi kukan da ta riƙe kwana talatin da biyar.

Nana Esha ce ta aika a kira shi. Ya durƙusa a tsakar gida, ya ajiye rikodar a gabanta. Ta dubi ƙafafunsa ta daɗe.

"Kai in ka ga dama gobe ka sa takalmi ka hau jirgi," in ji ta. "Mu fa? Ban yafe maka ba. Mai yiwuwa in mutu ban yafe ba. Amma yarinyar nan ta daina cin abinci, ni kuma ba zan binne jikata don in huce ba. Shumi, yi magana, bakinki ne."

Shumi ta share ido. "Ba zan bi ka Melbon ba, Malam Tambaya. Ba za a ce na gudu ba. In kana so na, a lungun nan za ka zauna, ka ji abin da za a kira 'ya'yanka da shi."

"Na ji, Yasmini."

"Ban ce ka kira ni haka ba tukuna." Amma bakinta ya ɗan motsa.

Famau yana tsaye a bakin ƙofa, ya ji komai. Bai dubi Tarik ba. Ya gyara hularsa, ya kama hannun yaron da ƙarfi har sai da ya ji zafi, ya ja shi waje zuwa wurin mai gahawa, inda mazan unguwa suke zaune bayan la'asar, Athman a tsakiyarsu. Duk suka juyo.

"Na taɓa tambayar yaron nan waye kakansa," in ji Famau. "Yau ga ni, ni ma ban san sunan garin kakata ba. Ku kun san naku goma sha biyu, Allah ya sa su amfane ku. Ku shaida, na ba Tarik 'yata Shumi, ranar Juma'a za a ɗaura. Allah ya yi musu albarka, ya ba su 'ya'yan da suka fi mu kunya. Uwata ce za ta zauna a gaba. Wanda zai ci shinkafata ya gaishe ta tukuna, wanda ba zai iya ba ya zauna gidansa."