Kwafi na Biyu

Ranar Litinin da hantsi, Sufeto Sharfaddeen yana cikin shan koko a ofis aka bugo waya daga Ƙauran Audi cewa an tsinci gawa a gandun dajin Dogon Marke. Ya ture kofin, ya kira Saja Lami, suka hau mota suka bar Daura suka nufi wajen Dutsi.

Shekararsa goma sha tara a aikin nan, ya san halin ƙauye in an yi ɓarna: kowa rige-rigen ba ka labari yake, har wanda yake barci lokacin da abin ya faru. Amma Ƙauran Audi tsit ta yi. Maza na zaune a gindin bango, kowa ya ga motar sai ya sunkuyar da kai. Wannan shirun bai yi wa Sufeto daɗi ba ko kaɗan.

Gawar tana cikin wani ramin gwaji da wani kamfanin fasa dutse ya haƙa bara a gefen gandun. Malam Sada ne, dattijo mai shekara saba'in, shugaban kwamitin da mutanen gari suka kafa don sa ido a kan dajin. Ƙeyarsa ta fashe. Wayarsa da carbinsa suna nan, amma an zazzage aljihunansa duka.

Sufeto ya zaga bakin ramin a hankali. An yi ruwa ranar Asabar, ƙasa da sauran damshi. A gindin wani marke akwai dutsen da ake zama a kai, a gabansa kuma shatin takalmi biyu a jere, sai sawun yatsun ƙafa da suka nutse cikin laka.

"Saja, me kika gani a nan?"

"Wani ya tsuguna, yallaɓai. Ya ma cire takalmi."

"Kin taɓa ganin ɗan fashin da ya tuɓe takalmi ya gaishe da mutum?"

Lami ta waiga ta dubi hanyar gari.

Wanda ya tsinci gawar shi ne Sha'aban, malamin daji. Yana tsaye can nesa riƙe da kekensa, gumi na zuba masa kamar wanda ya yi noma.

"Ina kake jiya da la'asar?"

"Zango na tafi biki, ranka ya daɗe. Sai yau da asuba na dawo."

"Bikin wa?"

Sha'aban ya buɗe baki, suna ya ƙi zuwa.

"Lakar tayar kekenka ja ce, kuma ta bushe. Ta jiya ce, ta wajen ramin nan ce. Mu sake daga farko."

Nan take idanun Sha'aban suka kawo ruwa. "Wallahi ban taɓa shi ba. Na haɗu da shi a hanya yana shigowa daji, ya ce akwai wanda zai gani, in ba su wuri. Ni kuwa na ba su."

"Wa zai gani?"

"Bai faɗa ba. Amma na san maganar takardar nan ce."

Daga nan bakinsa ya buɗe. Kamfanin yana neman izinin fasa dutsen gandun, kuma ba a ba da izini sai mutanen wurin sun amince. To, sai ga takarda a ofishin ba da izinin da ke Daura mai sunayen magidanta sittin da uku na Ƙauran Audi, kowa da dangwalen yatsansa, wai duk sun yarda. A garin kuwa babu wanda ya san ya yarda da komai. Ranar Alhamis za a yi zaman jin ra'ayin jama'a a Daura, in ba wanda ya ƙalubalanci takardar, daji ya tafi, da makiyayar da ke cikinsa, da tafkin da dabbobi ke sha. Malam Sada ya je ofishin ya nace sai da aka ba shi aron takardar ya yi kwafi.

"Kwafi nawa?"

"Biyu. Ya ce mini ɗaya na aljihunsa, ɗayan kuma ya ba wanda ba za a taɓa zato ba."

Kafin su bar dajin aka aiko cewa an shiga ɗakin mamacin sa'ad da jama'a suka yo nan, an birkice littattafansa, an farke katifa.

Mai kisan ya samu kwafi ɗaya, yana neman na biyu. Ke nan a cikin garin nan akwai wani mai rai da ke riƙe da takardar da aka kashe mutum saboda ita, kuma Sufeto bai san ko waye ba. Kwana uku suka rage kafin Alhamis. Tsoro ya kama shi sosai, irin wanda ya daɗe bai ji ba.

Likita ya gama dubawa, aka yi jana'iza bayan azahar. Sufeto ya ja dagacin garin, Alhaji Ɗanbaba, gefe guda.

"Ni ban san wata takarda ba," in ji dagaci, yana gyara rawanin da ba abin da ya same shi.

"Mutum sittin da uku suka dangwala yatsa a garinka ba ka sani ba? A ina suka yi, a cikin rijiya?"

Dagaci ya duba hagu da dama, ya rage murya. "A ƙofar gidana ne. Kafin damina wasu baƙi suka zo suka ce rajistar rabon taki ce. Fararen takardu ne, layi-layi, ba suna. Kowa ya dangwala ya tafi."

"Su wa suka cike sunayen?"

"Shi ne abin da ya hana mu barci, Sufeto. Baƙo bai san sunayenmu ba. Ɗan gari ne ya rubuta. Yanzu kowa tsoron maƙwabcinsa yake ji."

A wurin zaman makoki akwai wani matashi da ya fi kowa kai-kawo, shi ne shimfiɗa tabarma, shi ne ɗauko ruwa. Aka ce Zakiyyu ne, sakataren kwamiti, kuma mijin Safiyatu, 'yar Malam Sada tilo. Da Sufeto ya kira shi sai ya zo ya durƙusa, idanunsa jawur.

"Jiya da la'asar ina gona, yallaɓai. Baba bai taɓa nuna mini wata takarda ba. Ni dai baƙin nan nake zargi." Ya share ido. "In kun ji inda take, don Allah ku sanar da ni. Kwamiti na buƙatarta ranar Alhamis."

Lami ta fito daga wajen mata ta ce 'yar mamacin ba ta kuka, ba ta magana, ta jingina da bango ta ƙi ko ruwa, kuma duk sanda ta ji muryar maza daga zaure sai ta zabura. Sufeto ya ce baƙin ciki ne, kowa da yadda yake zo masa. Nan ya yi kuskure, kuma daga baya shi da kansa ya faɗa. Abu ɗaya ya yi daidai: ya bar Lami ta kwana a garin.

Washegari da safe ya bi shagunan kwafi na kusa da ofishin ba da izinin a Daura. A na huɗu, wata budurwa mai suna Khairat ta gane hoton.

"Tsohon nan? Ranar Juma'a ya zo. Yana karanta shafin farko kawai na ga ya zauna a kan benci yana salati. Har ruwa na ba shi."

"Me ya gani?"

"Ban sani ba. Amma tsaya, shafin ya fito da duhu a karon farko, na sake masa. Lalataccen yana nan."

Ta tono shi daga kwalin da take tara takardun da masu ƙosai ke zuwa karɓa. Sufeto ya fita da shi rana ya bi layin da yatsa. Rubutun hannu ne mai kyau, kowa da sunansa da na mahaifinsa. Mati Harisu. Sagir Mahdi. Haka har goma sha shida. Na goma sha bakwai kuwa ba suna ba ne. An rubuta: Baba Malam. Ga dangwale a gabansa.

Jiya Sufeto ya yini a garin, yaro da babba Malam Sada suke cewa, har dagaci. Mutum ɗaya ne ya ce Baba. Malam ba shi da ɗa namiji. Wanda ba zai iya kama sunan dattijo ba, ko a baki ko a takarda, wanda zai tuɓe takalmi ya tsuguna a gabansa ko a tsakiyar daji, ai suruki ne. Shi ma tsohon ya gane a kan bencin nan, shi ya sa ya kira yaron daji su yi magana su biyu, don ya rufa wa mijin 'yarsa asiri.

Wanda kuma ba za a taɓa zato ba? Ai matar mai kisan ce, 'yar Malam. Sufeto ya danna lambar Lami.

"Ina Safiyatu?"

"Yanzun nan mijinta ya ɗauke ta a babur, yallaɓai. Wai za ta ɗebo kwanuka a gida. Ta ce a aiki wata, ya ce ita ta san inda suke."

"Ina gidan?"

"Can ƙarshen gari, shi kaɗai ne wajen gonaki."

"Bi su da gudu. Ki shiga ko ba a amsa sallama ba. Kar ki bar ta ita kaɗai da shi, kar kuma ki nuna kin san komai."

Hanyar ba ta taɓa yi masa tsawo irin na ranar ba. A wani ƙauye garken shanu ya tare titi, ya zauna yana dukan sitiyari yana addu'a. Ya kira Lami sau uku, ba ta ɗauka ba.

Ya tarar da ƙofar gidan a buɗe. Lami na tsaye a bakin ɗaki, ta tokare ƙofar da jikinta. A bayanta Safiyatu na durƙushe a ƙasa, mayafinta ya yage, ga shatin yatsu a wuyanta. An zubar da akwatuna, kwanukan jere sun watse ko'ina. Zakiyyu na tsakar gida riƙe da taɓarya, yana ganin Sufeto ya jingina ta da turmi ya yi murmushi.

"'Yar rigima ce ta miji da mata, yallaɓai."

Sufeto ya tsaya tsakaninsa da taɓaryar, ya miƙa masa shafin. "Karanta mini na goma sha shida."

"Audi Sha'aban."

"Na sha bakwai."

Zakiyyu ya dubi takardar. Murmushin ya tafi.

"Malam Sada ba ya dangwale, da ajami yake sa hannu, kowa ya sani. Yatsan wa ke nan? Ga tawada a mota, mu gwada naka."

"Ba ni kaɗai ke ce masa..."

"Shi ne." Muryar Safiyatu ce, a dishe. Ta miƙe tana dafa bango, ta kwance bakin zaninta ta ciro takardu da aka naɗe ƙanana. "Tun Asabar suna jikina. Baba ya ce in riƙe, kar in buɗe. Da aka kawo gawarsa na buɗe. Rubutun da mijina ya yi mini wasiƙu da shi muna zance, yaya ba zan gane ba?"

Zakiyyu ya zube a ƙasa.

"Aiki suka yi mini alkawari," ya ce, yana kallon ƙasa. "Shekara bakwai da gama karatu ina zaune. Suka ce sunaye kawai zan cike. Da Baba ya kira ni daji na tsuguna na roƙe shi. Ya ce ba zai kai ni ƙara ba, amma ranar Alhamis in miƙe a gaban jama'a in faɗa da bakina. A gaban kowa, yallaɓai! Ya tashi ya juya zai tafi, ni kuma dutse na kusa da hannuna."

Lami ta sa masa ankwa. Kafin nan mutanen gari sun biyo motar sun cika ƙofar gida, har da dagaci. Sufeto ya ciro littafinsa.

"Bayani ba ya tafiya ba suna. Faɗi cikakken sunan wanda ka kashe."

Zakiyyu ya motsa baki. "Baba..."

"Suna na ce."

Ya sake gwadawa, abin ya ƙi fita.

"Ka iya ɗaga masa dutse, sunansa ne ya fi ƙarfinka?"

Safiyatu ta matso har gaban Sufeto. Tun da aka haife ta ba ta taɓa kama sunan mahaifinta ba, matan da ke ƙofa sun sani, har wata ta rufe baki da mayafi.

"Sada," ta ce da ƙarfi, yadda na waje za su ji. "Sada Mahdi. Rubuta, yallaɓai. Ka kuma rubuta cewa bai amince ba. Ranar Alhamis ni zan je in faɗa musu."

Sufeto ya rubuta. Aka tasa Zakiyyu gaba, jama'a suka dare suka ba da hanya, ya wuce ta tsakiyarsu kansa a ƙasa har mota. Sai da aka rufe ƙofar motar sannan Safiyatu ta zauna a bakin turmi ta fashe da kuka.