Ƙarfe Huɗu a Gidan Pallangyo

"Ba zan cire zoben alkawarin nan ba, Baba."

Ndeshi ce ta faɗa, idanunta jawur, muryarta ko rawa ba ta yi.

Tun safe mahaifinta, dattijo Pallangyo, ya tara dangi a gidansa da ke Arusha. An yanka akuya, an dafa ayaba da nama, ana jiran Kabongo, ɗan Kinshasa da suke karatun lauya tare da Ndeshi, ya zo gaisuwar neman aure. Abinci ya huce, babu shi babu labarinsa. Sai da yamma ga bawan Allah cikin kwat, yana ta murmushi abinsa.

Aka rufe masa ƙofa.

"Awa shida ya shanya ni a gaban ƙannena," in ji dattijon. "Ƙarfe huɗu na ce."

"Na agogon wa, Baba?"

"Kai, ji yarinya! Agogo biyu ne?"

Biyu ne kuwa. A nan daga fitowar rana ake fara ƙirga awa, ƙarfe huɗunmu shi ne goman safe a wurin mutanen Kinshasa. Shi kuwa Kabongo huɗun yamma ya ɗauka.

Ta juya ta zuba wa Elibariki ido, ɗan aminin mahaifinta, wanda ya shekara uku yana binta tana ce masa a'a. Shi aka aika ya faɗa wa Kabongo lokacin.

"Da wane harshe ka faɗa masa?"

"Da... Turanci."

"Ka juya masa lokacin?"

Gogan naka ya hau sosa ƙeya, wai shi abin da aka ce masa ya faɗa. Munafuki, ya sani sarai.

"Baba, shekara biyu ina nazarin rigingimun shari'a na ƙungiyar ƙasashenmu. Takarda ɗaya suka sa wa hannu, amma kowace ƙasa da yadda take karanta ta, sai ta ce maƙwabciya ce ta saɓa. Duk da haka kotun ƙungiyar ba ta hukunta kowa sai ta ji ta bakinsa. Kai ka ji ta bakin Kabongo?"

"Gidana ba kotu ba ne."

"To in baƙo ba shi da bakin magana a gidan nan, ni ma ba ni da shi."

Ta zari ƙofa ta fice, ita da ba ta taɓa juya wa mahaifinta baya ba. Kabongo na tsaye a waje duk ya rikice.

"Masoyiyata... me na yi?"

"Ba ka yi komai ba, abin ƙaunata. Tsaya nan kusa da ni."

Sun jima a tsaye kafin ƙofar ta buɗe. Dattijon ya kalli Kabongo sama da ƙasa.

"Yau 'yata ta kayar da ni a gaban dangi. In ka aure ta, haka za ta yi ta kayar da kai har tsufa. Za ka iya?"

Kabongo ya durƙusa.

"Ai tun ranar farko a aji take kayar da ni, Baba."

"To shigo, surukina."