Hannu Mai Yatsu Huɗu

Sufeto Baldev Ojha bai gama shayinsa ba aka kawo ƙara daga ƙauyen Kusmahi. An datse wayar famfon ban-ruwa mai aiki da hasken rana, shinkafar ƙungiyar manoma tana ƙonewa. Ya ja tsaki ya hau babur. Rigimar ruwa ta ishe shi haka nan.

Jagdeo Mahto, shugaban ƙungiyar, ya tarye shi yana kumfar baki.

"Yallaɓai, Sukhlal ne! Tun da muka daina hayar injinsa na dizal yake hararar mu."

"Ni? Ina gidan surukaina jiya," in ji Sukhlal, ido a ƙasa. Ƙarya yake, amma ta tsoro ce.

Sufeto ya duba fayafayan da ke zuƙar rana. An lulluɓe su da kashin shanu curi-curi, yadda mata ke manna shi a bango ya bushe don girki. Kowane curi da shatin hannu, yatsu huɗu.

"Hannun wa ne wannan?"

Jagdeo ya matso, murya ta yi sanyi.

"Yallaɓai, a bar maganar."

"Kayan ƙungiya ne, ba naka ba."

Ya bi bangayen ƙauyen yana duba curin kowane gida, rana na dukansa. A bangon Jagdeo ya tsaya, nan ma shatin yatsu huɗu ne. A tsakar gidan, wata tsohuwa ce zaune kusa da famfon tuƙa-tuƙa, Phulmati, uwar Jagdeo. Injin yankan ciyawa ya cinye mata ƙaramin yatsa tun tana yarinya.

"Inna, a ba ni ruwa," in ji Sufeto.

Ta tuƙa, ta tuƙa. Iska kawai ke fita.

"Ka gani, ɗana? Lokacin da suke sayen dizal, kashe inji suke. Yanzu rana kyauta ce, wa zai kashe? Sun tsotse ruwan ƙasa ƙarƙaf. Na yi wa Jagdeo magana, ya ce ban san zamani ba. Ni na yanke, da laujena. Na kuma rufe wa abin ido."

Sufeto ya ji kunyar kakinsa. Bai fito da ankwa ba.

Jagdeo ya durƙusa yana kuka. Ba ta ko kalle shi ba. Ta ɗauki tulunta ta bi Sufeto, sai da suka kai bakin ƙofa ta tambaya.

"Can ofishin naku, akwai ruwa?"