Kujerar Iya Yelwa

Kwana tara ke nan Hannatu tana ajiye kwanon tuwo a ƙofar ɗakin surukarta, tana dawowa ta ɗauke shi yadda ta ajiye. Ko murfin ba a ɗagawa.

"Iya, ga abinci," ta ce a durƙushe.

Daga ciki Iya Yelwa ta ce, "Wace ni! Mama guda ta durƙusa mini? Tashi, Mama, kada zanenki ya yi datti."

Hannatu ta koma madafa ta kifa kai a gwiwa.

Bari in faɗa muku yadda abin ya faro. Majami'ar ƙauyen nan na bayan Gagarawa ƙarama ce, gidan Kirista goma sha biyu ne kacal a cikin maƙwabta Musulmi. Shekara goma sha tara ba a turo musu ma'aikaci ba, kuma duk shekarun nan Iya Yelwa ce Uwar Zumuntar Mata. Ba ta san ko baƙi ɗaya ba, amma ita ke karɓar haihuwa, ita ke sasanta ma'aurata, ita ke wanke gawar mata. Akwai wata kujerar katako mai hannu a gaba, ɓangaren mata. Ko yaro ya san ta Iya ce.

Sai ɗanta na fari, Ishaku, ya gama makarantar Littafi Mai Tsarki, aka turo shi gida a matsayin Mai Bishara, ya zo da amaryarsa Hannatu, 'yar Maigatari. A makaranta suka haɗu, kuma so ne na tsakani da Allah. Ranar biki Iya ta yi rawa har ɗankwalinta ya faɗi. Abin da ba wanda ya tuna shi ne, a tsarin ikilisiyarsu matar ma'aikaci ita ce Mama, ko shekararta nawa. Ita ke zama a gaba, ita ke buɗe taron mata da addu'a, Uwar Zumunta ma a ƙarƙashinta take.

Lahadin farko dattijon majami'a ya karanta takarda daga gunduma, ya nuna wa Hannatu kujerar nan. Yarinya 'yar ashirin da uku, wadda ko ruwa ba ta iya sha a gaban surukarta don kunya! Iya ta miƙe. Ta kwashi takalmanta ta koma bencin baya, kusa da ƙofa. Mata bakwai suka bi ta.

To a rana ta taran nan, Ishaku ya shigo madafa ya tsuguna kusa da matarsa.

"Hanne, filis, ki daina kukan nan. Idonki har ya kumbura."

"Ka ce musu ba na so! Su ɗauke kujerarsu, su ɗauke sunansu!"

"Na je Gumel na faɗa wa Rabaran. Ya ce tsari ne. Wai idan matar Mai Bishara ta ƙi aikinta, to shi ma Mai Bisharan bai shirya ba."

"To ka nemi taransifa."

"Sai bayan shekara uku. Kuma in tafi in bar wa wa Iya?"

Ta dube shi. "In na zauna, na raina uwarka. In na tashi, na kashe maka aiki. Ina kake so in sa kaina, Malam?"

Ya riƙe hannunta kawai. Can ya tashi ya je ƙofar uwarsa. Ɗan fari ne, ba ta taɓa kiran sunansa ba.

"Iya, ba laifinta ba ne fa."

"Kai wannan, na ce laifinta ne? Ni dai ba zan zauna gida ɗaya da yarinyar da zan ce wa Mama a gaban jama'a ba. Ko ka mai da ita, ko ni in koma wajen ƙanena a Ɗanzomo. Zaɓi."

Magana ba ta ɓuya. Kafin kwana biyu ta kai Maigatari, kunnen Ɗantsoho, uban Hannatu, mutum mai zafin kai. Ya bugo waya ya ce, "Ban ba da 'yata don ta rame a gidan mutane ba. Alhamis ina kasuwa. Juma'a da safe ina nan tafe, ki ɗaure kayanki."

Ranar Alhamis da hantsi sai ga kuka daga gidan Adda, tsohuwar da ke buga tulu in mata suna waƙa, aminiyar Iya tun suna amare. Ta cika. Ga bazara, ga rana kamar wuta, gawa ba za ta jira ba. Maza suka tafi haƙa kabari tare da Ishaku. Mata suka kawo ruwa da sabulu da farin yadi, suka ajiye a ƙofar ɗaki, suka juyo suna kallon Hannatu.

"Mama, ke muke jira."

Iya tana can gindin bedi a tsakar gida, cikin masu gaisuwa, hawaye na zuba amma ta kau da kai. Ai akwai Mama.

Hannatu ta ɗaga labule ta leƙa. Tun da aka haife ta ba ta taɓa ganin gawa ba. Ta tsaya a bakin ƙofa. Wata mai tausayinta ta matso ta raɗa mata, "Shiga ki ja ƙofa, ki ɗan watsa ruwa ki naɗe ta. Wa zai sani? Kada ki bari su yi miki dariya."

Sai Hannatu ta saki labulen, ta cire takalmi, ta ratsa tsakar gidan nan kowa na kallo, ta zube a gaban Iya.

"Iya, ban iya ba."

"Ke ce fa Mama."

"Takarda ce ta ce haka, Iya. Takardar ba ta koya mini ta inda ake fara wanke mutum ba." Ta ɗago kai. "Gobe Baba zai zo ya tafi da ni, kujerarki za ta dawo hannunki. Amma Adda ba ta yi mana komai ba. Don Allah kada a binne ta da wankan wanda bai iya ba!"

Tayyiba, maƙwabciyarsu Musulma, wadda Iya ta karɓi haihuwar 'ya'yanta shida, ta ce, "Haba Yelwa! Yarinya ta fi ki hankali yau. Tashi mana, rana na yi."

Iya ta share fuska da bakin zane. Ta dafa ƙasa ta miƙe da ƙyar.

"Ɗauko ƙwaryar ki biyo ni."

A cikin ɗaki Hannatu ta miƙa mata ƙwarya, Iya ta ƙi karɓa.

"Ba ni zan yi ba, ke za ki yi. Fara ta dama. A hankali! Ja mata zanen, tana da kunya kamar mai rai. Ki riƙa yi mata magana, ki ce Adda zan juya ki."

"Adda, zan... zan juya ki." Ƙwaryar ta karkace, ruwa na zuba ƙasa.

"Riƙe da kyau, ke yarinya. Gara ki iya tun ina ganinki. Watarana ni za ki wanke."

Nan Hannatu ta fashe da kuka, Iya ma ta fashe, suka ƙarasa wankan suna yi. A bakin kabari aka ce Mama ta yi karatu. Ta buɗe Littafi tana karantawa, Iya tana tsaye a gefenta tana bin ayoyin da ka.

Juma'a da safe motar haya ta tsaya a ƙofar gida. Ɗantsoho ya sauko a fusace, Ishaku ya durƙusa yana ba shi haƙuri, bai ko dube shi ba. Sai ga Iya ta fito zaure da kanta.

"Sannu da zuwa, Malam Ɗantsoho. Wa ka zo ɗauka?"

"'Yata."

"Ai ka makara. Laifin nawa ne, na kuwa ɗauka, ka yafe mini. Amma yarinyar nan ba inda za ta. Makon gobe akwai matar da za ta haihu, ban koya mata wannan ba tukuna."

Ɗantsoho ya dubi 'yarsa. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Baba, a nan zan zauna." Ya sha fura, ya koma shi kaɗai.

Tsarin bai canza ba. Har yau Hannatu ce Mama, Iya ce Uwar Zumunta, kuma ba zan yi muku ƙarya in ce ba sa saɓawa ba. Amma aure ya tsaya, bara ma aka naɗa Ishaku Fasto.

To 'yan matana, duk wadda aka ɗora wa suna, a majami'a ko a gida, ta sani sunan kawai aka ba ta. Aikin yana hannun waɗanda suka riga ta, kuma sai ta durƙusa za ta karɓa. Ku kuma tsofaffi 'yan uwana, mu ji tsoron Allah. Abin da muka sani ba namu ba ne, mu miƙa shi tun muna da rai.