Hannun da Ke Riƙe Ƙwarya

Ranar kasuwar Shinkafi, Kamaluddeen na tsugune bayan wata babbar mota yana zana mata furanni, sai Hamida 'yar Badarawa ta ci birki gaban wani allo da ya jingine a gefe. Zanen hannuwan wata tsohuwa ne suna tsintar wake, ba fuska, don shi ba ya zana fuskar mutum. Ta ce wallahi har ta ji motsin tsakuwa a faifan. Shi kuwa buroshi ya kusa suɓuce masa, kuma ba yabon ne ya jawo ba.

Kafin gero ya nuna, so ya kama su. Amma mahaifinta Malam Labbo ya ce atafau, mai shafe-shafen fenti ba zai iya riƙe masa ɗiya ba, ga Jabir mai motocin haya a Ƙaura yana jira. Hamida ta sha kuka, sannan ta tura saƙo:

"Sahibina, Baba ba mugu ba ne. Tun da hannun Inna na hagu ya shanye, kullum shi ke riƙe mata ƙwarya tana damun fura da hannu ɗaya. Ko 'yan'uwansa ba su sani ba. Tsoro yake ji in faɗa gidan da ba za a tausaya min ba."

"Hasken idona," ya amsa, "ina yake ɗora babban yatsansa?"

Haushi ya kama ta, ana maganar aure yana tambayar yatsa. Duk da haka ta duba ta gaya masa. Mako uku yana tambaya tana amsawa.

Ranar da ya kai sabon allon da ya zana zauren gidansu, Malam Labbo ya yaye ƙyallen da ya rufe shi, fuskarsa ta murtuke. Ga sirrin gidansa a fili! Ya suri allon ya shige ciki. Kamaluddeen ya tabbata ya yi ɓarna.

A tsakar gida Inna Asibi ta ƙura wa zanen ido. Ga ƙwaryarta mai ɗinki, ga ludayi, ga hannun mijinta da tabon lauje. Amma babban yatsansa ba a bakin ƙwarya yake ba, yana kwance ne a kan shanyayyen hannunta, wanda shekara huɗu ba ya jin taɓi.

"Malam," ta ce a hankali, "ashe haka kaka riƙe ni, ban sani ba?"

Tsohon ya daɗe kafin ya koma zaure, idonsa jawur.

"Yaro, ba ka taɓa shiga gidana ba, amma ka ga abin da mai ɗakin ba ta gani ba. Tahi ka turo magabatanka."

Bayan girbi aka ɗaura aure. Da za a fita da amarya, Inna ta rungume ta da hannunta ɗaya, ta ce Allah ya ba su zaman da ya fi nasu, in akwai shi.