Sarƙar Ƙafar Shaista

"Ɓarawo ne, tabarau ne kawai ya rufa masa asiri."

"Ni tun zuwansa na farko bai kwanta min ba. Mutum ya sunkuyar da kai, ko duban mai wasa ba ya yi, amma amsa na bakinsa?"

"Wai har kiɗan tabla yake koya wa yara a makaranta. Allah ya tsare yaran."

Imtiyaz ake nufi, yana zaune kuma yana ji. Shaista ma tana ji, tana tsaye a tsakiyar fili da 'yar takarda a hannunta.

Duk Lahadi da la'asar muke haɗuwa a saman shagon shayin Mirza Sahib a birnin Lucknow, mu 'yan unguwar Chowk a dama, 'yan unguwar Aminabad a hagu. Ana zuba sunayen finafinai a tukunyar ƙasa, mutum ya zaro ɗaya ya kwatanta da hannu da jiki, ba magana, ba motsa leɓe. In 'yan ɓangarensa suka kasa, dama ta koma wa abokan hamayya. Shaista ce gwanarmu. Amma tun shigowar damina, duk fim ɗin da ta kwatanta muka kasa, Imtiyaz na Aminabad ke cafkewa kafin Mirza Sahib, alƙalin wasan, ya rufe baki.

Nata kaɗai. In wani ne ya fito, shi ma lalube yake kamar kowa.

Ga shi kowa ya san mahaifiyarsa ta je gidansu Shaista da kwalin alawa na neman aurenta, kuma Abbunta, wato mahaifinta, bai ce e ba, bai ce a'a ba.

Danish, ɗan kawunta, wanda ya daɗe yana son a ce masa e ɗin nan, ya karkata wajen yayanta Tarik, amma da muryar da kowa zai ji.

"Bhai, ni ba na zargin kowa. Kawai dai... alama tsakanin mutum biyu ba ta da wuyar shiryawa."

Tarik ya miƙe.

"Shaista, alama kike ba shi?"

"Bhai, a gaban mutane kake min wannan tambayar?"

"A gaban mutane ake yi da sunan gidanmu. Amsa min."

Ta dubi Imtiyaz. Kalma ɗaya take jira daga gare shi, ya faɗi yadda yake yi, ya wanke ta. Ya cire tabarau yana gogewa da bakin rigarsa.

Ta juya wajen Tarik.

"Ni ban ba kowa alama ba," ta ce. "Ku tambaye shi abin da yake yi kusa da tukunya kafin a fara. Na gan shi da idona."

Ta gan shi ɗin, ranar da ya janye tukunyar daga inda rufi ke yoyo. Wannan ba ta faɗa ba.

Mirza Sahib ya ajiye kofinsa.

"Imtiyaz, ɗana, kana da abin cewa?"

"Babu, Sahib."

"Ka san doka. Wanda aka kama da leƙen tukunya ba ya sake hawa benen nan, sai in bakin da ya zarge shi ya janye a gaban kowa."

Imtiyaz ya ɗauki lemarsa ya sauka. Shaista ta bi shi da sunan za ta ɗauko takalminta, ta cim masa a ƙasan matakala.

"Ka ji daɗi? Ana jifana da wannan maganar kana goge tabarau?"

"Kin wanke kanki ai. Me ya rage?"

"Ka faɗa min yadda kake yi."

"Kin riga kin faɗa wa duniya. Leƙe nake."

"Imtiyaz, kada ka raina min hankali..."

"Shaista Begum, koma sama. Yayanki na leƙowa, kada a ce wata alamar muke shiryawa."

"Allah ya sa kada in sake ganinka."

"Amin," ya ce, ya buɗe lema ya shiga ruwa.

Kafin sati ya zagayo magana ta gama Lucknow ɗin da muka sani. Abbu ya sa aka mayar da kwalin alawa yadda aka kawo shi, ko zaren ba a kwance ba. Iyayen yara biyu suka cire 'ya'yansu daga ajin tabla. Danish kuwa ya dawo cin abincin rana a gidan kullum, yana yabon girkin Ammi, mahaifiyar Shaista.

Shaista ba ta yi kuka ba. Ta dai daina kunna talabijin.

A kasuwar awarwaro Nusrat, yayar Imtiyaz, ta tare ta. Ko sallama babu.

"Ke ce mai idon da ya ga ƙanina yana sata?"

"Api, don Allah, nan kasuwa ce."

"Can da kika yi masa ƙazafi ɗakin barcinki ne?"

"Da yana da gaskiya da ya yi magana."

Nusrat ta yi wata dariya mara daɗi, ta nuna ƙasa da haɓa.

"Wannan abin da ke ƙafarki, wa ya saya miki?"

"Sarƙar ƙafa? Ta kakata ce. Me ya haɗa..."

"Duk fim ɗin da kika zaro, hannunki na kwatance, diddigenki kuma na buga waƙar fim ɗin. Ba ki ma san kina yi ba. Ƙananan ƙararrawar nan na kaɗawa, shi kuma tun yana shekara biyar ake dukan yatsunsa a kan kiɗa. Ba ya buƙatar tukunyarku. Ke kike rera masa amsa da ƙafa."

Shaista ta ji kasuwar ta yi mata nisa.

"To me ya hana shi faɗa?"

"Ya tashi a gaban yayanki da maza talatin ya ce, ni ƙafar ƙanwarka nake saurare duk Lahadi? Da wane suna za ki koma gida? Ya zaɓi a kira shi ɓarawo. Ni da ya tambaye ni, da na ce ba ki kai ba."

Nusrat ta juya ta tafi.

Da Shaista ta isa gida ta ja Ammi ɗaki, ta ce ta rufe ido. Ta tuna tsohon fim ɗin nan na direban jirgin ƙasa da ya makance, ta shiga kwatantawa kamar a fili. Ba ta yi nisa ba Ammi ta fara rera waƙar a hankali, idonta a rufe.

Shaista ta zauna a bakin gado, sai a lokacin hawayen suka zo.

"Ammi, na kashe mutum da bakina."

"Bai mutu ba, 'yar lele. Amma Abbunki ba zai so jin zancen ƙafa ba, na faɗa miki."

Ranar Lahadi Shaista ta roƙi Mirza Sahib ya aika a kira Imtiyaz. Ya zo, amma ya tsaya a matakalar ƙarshe, bai taka benen ba. Ya rame. Bai dube ta ba.

Danish ya taɓe baki.

"An dawo da ɓarayi ke nan? To a ɗaure bakin tukunya."

"Danish, rufe naka bakin tukuna," in ji Shaista. Ta sunkuya ta kwance sarƙar ƙafarta, ta ɗora a tebur gaban Mirza Sahib. Ta faɗi komai, diddigen, waƙar, har da yoyon rufi.

Wani daga Aminabad ya fara dariya, aka harare shi.

Fuskar Tarik ta yi ja.

"Wato ƙafar ƙanwata kake kallo?"

"Saurare nake, Tarik Bhai," Imtiyaz ya ce. "Kaina a sunkuye yake, kowa shaida ne. Amma na san ba a so, shi ya sa na yi shiru."

"Ke kuma, kin san me za a ce a Chowk gobe?"

"Na sani, Bhai. Su ce. Gara a yi da ni a kan gaskiya da a yi da shi a kan ƙaryata. Abbu ma na faɗa masa da safe. Ya yi faɗa, ya gama, ya ce in mahaifiyar Imtiyaz za ta iya sake hawa matakalarmu, ƙofa a buɗe take."

Imtiyaz ya ɗago kai a karo na farko.

"Alawar ta lalace," ya ce a daƙile.

"A sayo wata."

"Ba a nan matsalar take ba."

"Na sani."

Mirza Sahib ya gyara murya.

"'Yata, bayani kika yi. Doka ba bayani ta ce ba."

Shaista ta taka har bakin matakala, ƙafarta shiru, ta tsaya inda 'yan dama da 'yan hagu duk za su ji. Ba ta sassauta muryarta ba.

"Imtiyaz, ƙarya na yi maka don in tsira. Ba ka taɓa leƙa tukunya ba. Na ɓata maka suna, na janye, a gaban kowa. Don Allah ka yafe min."