Zakaran Da Aka Sace Wa Kai

Ƙarfe goma na safe wata mai sassaƙa ta faɗo ofishin 'yan sanda tana haki.

"Sufeto, an sace kan zakarana!"

Sufeto ya ajiye biro. Ya sha karɓar ƙarar satar kaji, amma bai taɓa jin ɓarawon da ya ɗauki kai ya bar nama ba.

Ashe zakaran na ƙarfe ne. Shekara biyu ta yi tana haɗa shi da kayan da mutane suka zubar: cokula ne gashinsa, ludaya jelarsa, kansa kuwa tsohon dutsen guga ne na gawayi da ta shafa wa jan fenti. Ƙarfe huɗu za ta buɗe baje kolinta na farko, kuma ta gayyato duk dangin da ke kiranta mai tsintar bola.

A zauren baje kolin Sufeto ya tarar ba a fasa ƙofa ba. Notunan da suka riƙe kan ma an jera su a kan tebur.

"Wannan ɓarawon yana da niyyar dawowa," in ji shi.

Aka kawo wani mai sayen tsofaffin ƙarafa da ake zargi.

"Ranka ya daɗe, ban taɓa ganin zakaran nan ba. Kuma da ni ne, ai duka zan ɗauka, ya kai kilo arba'in."

"Ba ka gan shi ba, ka san nauyinsa?"

"To, na ɗan leƙa ta taga. Ido ba ya sata."

Sufeto ya sallame shi yana dariya, ya juya ga mai gadi, wani dattijo da ke ƙame a bakin ƙofa. Kwana uku ba wuta a unguwar, rigar kowa a yamutse, tasa kuwa ta sha guga har tana ƙyalli.

"Baba, wa ya goge maka riga?"

"Mai wanki, ɗana."

"Shi ya shafa maka jan fenti a bayan rigar?"

Baba ya sunkuyar da kai.

"Manyan baƙi za su zo. Na ce ba zan kunyata yarinyar nan da riga kamar an tauna ba. Jira nake dutsen gugar ya huce in mayar."

Ya ɗauko dutsen daga ɗakinsa, da sauran garwashi a ciki. Mai sassaƙa ta sa tsumma ta ɗora shi, ta ɗaure notuna. Sai ga hayaƙi yana fita ta ramukan kan zakara, idonsa ya yi ja. Ta saki baki, ta fashe da dariya har da hawaye.

"Baba, shekara biyu ina neman abin da ya rage masa!"

Sufeto ya kama hannun dattijon.

"Mu je, ka amsa laifinka."

"Caji ofis, ɗana?"

"Wajen mai gawayi. Zakaran nan ba zai huce ba sai dangi sun watse."